Yaron Da Ake Kira Daƙiƙi: Ilimi Na Musamman Da Rabe-raben Basira

Shekarar da na fara koyarwa a wata firamare an ba ni aji huɗu, yara sun haura 80 a ɗaki ɗaya. A can ƙarshen aji, jikin taga, akwai wani yaro da na gada tare da sunan da aka riga aka laƙaba masa, wato daƙiƙi. Idan na yi rubutu a allo ba ya taɓa alƙalami sai na kusa da shi ya gama, sannan ya leƙa littafinsa ya kwafe, har da kurakuran. Na sha zane shi a kan satar amsa. Wata rana da hunturu iska ta taso da ƙura, aka rufe tagogi, ajin ya yi duhu, sai na ce 'yan baya su matso su zauna a ƙasa dab da allo. Ranar ce yaron nan ya fara ɗaga hannu, kuma amsarsa daidai. Ashe daga inda yake zama ba abin da yake gani a allo sai fari-fari. Shekara uku da rabi yana karatu da kunne kaɗai, kuma kunnen ne ya kawo shi aji huɗu. Har yau bulalar da na yi masa tana damuna.

Idan aka ambaci ilimi na musamman, abin da yake fara zuwa ran mutane shi ne makarantar makafi da kurame. Wannan wani yanki ne kawai. Asalin ma'anar ita ce a gyara yadda ake koyarwa, da kayan koyarwa, da wurin zama, da lokacin da ake bai wa yaro, domin su dace da wanda hanyar da aka saba ba ta isar masa. Mai larurar gani yana ciki, da mai larurar ji, da wanda ƙafa ko hannu ba sa ba shi haɗin kai. Akwai mai jinkirin fahimta, akwai mai i'ina, akwai wanda ba ya iya zama wuri ɗaya minti biyar, akwai mai otizim wanda mu'amala da mutane da hayaniyar aji suke masa nauyi. Mai sikila da yake kwanciya asibiti sau uku a zangon karatu ɗaya shi ma yana ciki, haka mai farfaɗiya. Har yaron da ya yi wa ajinsa nisa da hazaƙa, wanda zaman jiran saura ya gundure shi ya koma fitina, shi ma ɗan wannan gida ne. A Birtaniya, kwamitin da Mary Warnock ta jagoranta ya fitar da rahoto a 1978 yana ƙiyasin cewa kusan yaro 1 cikin 5 zai buƙaci wani taimako na musamman a wani lokaci na rayuwarsa ta makaranta. Wato a ajin da na ambata, ba yaro ɗaya ne ba.

Akwai wani bambanci da masu wannan fanni suke nanatawa, kuma ina ganin shi ne ginshiƙi. Larura daban, shinge daban. Yarinyar da shan inna ya shanye wa ƙafafu tana da larura a jikinta, amma abin da ya hana ta karatu shi ne matakala uku da ke ƙofar aji da banɗakin da keken guragu ba ya shiga. Yaron ajina yana da raunin gani, amma abin da ya mayar da shi daƙiƙi shi ne tazarar da ke tsakanin benci na ƙarshe da allo. Larura wani lokaci ba ta da magani. Shinge kuwa mu ne muka gina shi, mu ne kuma za mu iya rushe shi.

To amma da me ake gane cewa wannan yaro fahimtarsa ce take da jinkiri, wancan kuma wani abu ne ya tare masa hanya? Wannan tambaya ce ta haifar da gwajin basira tun asali. Bayan Faransa ta wajabta karatun firamare a 1882, ajujuwa suka cika da yaran da a da ba a kai su makaranta, malamai suka rasa yadda za su yi da waɗanda ba sa tafiya tare da saura. Alfred Binet da abokin aikinsa Théodore Simon suka fitar da gwaji a 1905 mai ɗauke da ayyuka 30, daga masu sauƙi zuwa masu wuya, domin a gano yaran da suke buƙatar ƙarin taimako. Binet bai yarda cewa basira aba ce tsayayya da ba ta ƙaruwa ba, ya ma yi kakkausar suka ga masu wannan ra'ayi. Bayan rasuwarsa a 1911 abin ya canza salo. William Stern a Jamus ya kawo dabarar kwatanta shekarun fahimtar yaro, wato shekarun da makinsa a gwajin ya nuna, da shekarun haihuwarsa a fitar da lamba ɗaya, Lewis Terman na jami'ar Stanford a Amurka ya gyara gwajin a 1916 ya yaɗa shi. Daga nan aka samu ma'aunin da ake kira IQ. Gwajin da aka ƙirƙira don a taimaki yaro ya koma ma'aunin jera mutane daga sama zuwa ƙasa, har aka yi amfani da shi wajen danne wasu al'ummai.

Duk da wannan tarihi, kuskure ne a ce ma'aunin ba shi da amfani. A yau ana tsara shi ta yadda matsakaicin maki zai zama 100, kuma kusan mutum 2 cikin 100 ne suke faɗawa ƙasa da 70. Tun 1904 wani masani a Ingila, Charles Spearman, ya lura cewa yaron da ya yi kyau a darasi ɗaya yakan yi kyau a sauran, ya ce lallai akwai wata basira ta bai-ɗaya da take ƙarƙashinsu duka, kuma bincike na shekaru da yawa bai rushe wannan lura ba. Sai dai ƙwararru ba sa yanke hukuncin cewa yaro yana da larurar fahimta da lamba kaɗai. Sai sun duba yadda yake tafiyar da rayuwarsa: yana iya sa kaya, yana iya zuwa aike ya dawo da canji, yana gane haɗari, yana iya zama da mutane? Sannan akwai matsalar da ta shafe mu kai tsaye. Gwajin da aka rubuta da Turanci, aka auna shi da yaran wata ƙasa, da hotunan abubuwan da yaron ƙauye bai taɓa gani ba, idan aka ɗora wa ɗan shekara 8 da bai san wani harshe ba sai Hausa ko Fulatanci, abin da zai auna shi ne nisan yaron da duniyar masu gwajin.

Ni kam abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne Hausa ba ta taɓa tara wannan abu a kalma ɗaya ba. Muna cewa wane yana da ƙwaƙwalwa, muna nufin saurin ɗauka da riƙewa. Muna cewa yana da hankali, kuma wannan wani abu ne daban, ya shafi natsuwa da sanin ya kamata. Mai wayo ba lallai ya zama mai hankali ba. Dabara ta mai warware matsala ce da abin da ke hannunsa, fasaha ta mai ƙirƙira ce, azanci na mai sarrafa magana ne, hikima kuwa sai an sha miya. Duk uwa ta san a cikin 'ya'yanta wa za ta aika kasuwa, wa za ta bar wa ƙanne, wa za ta tura ya bai wa maƙwabciya haƙuri. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Makaranta ce ta zo ta taƙaita duk wannan a jan biro da lambar matsayi a katin sakamako.

Shi ya sa ra'ayin Howard Gardner na jami'ar Harvard bai zo wa Bahaushe a matsayin baƙo ba. Gardner ya yi aiki da yara, ya kuma yi aiki da manyan da suka samu rauni a ƙwaƙwalwa a wani asibiti a Boston. A can ya ga mutumin da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana amma yana iya rera waƙa, ya ga wanda lissafinsa yake nan daram amma ba ya gane hanya. Ya ce idan abu ɗaya zai iya lalacewa ya bar ɗaya, to ba abu ɗaya ba ne. A 1983 ya fitar da littafinsa inda ya kawo basira iri 7, daga baya a shekarun 1990 ya ƙara ta 8. Biyu daga ciki su ne makaranta ta sani, basirar harshe da basirar lissafi da bin hujja. Sauran kuwa a wajen aji aka fi ganin su. Maginin gargajiya da yake ɗaga bakan gizo da azara da laka, ba zane a takarda, ya san inda nauyi zai sauka, wannan ita ce basirar sura da fili. Makaɗin kalangu da yake matse tsarkiya ganga ta faɗi sunan mutum yana da basirar sauti. Ɗan dambe da maɗinkin hula da ungozoma suna tunani da jiki da yatsu. Dattijon da ake kira idan aure ya ɗauko mutuwa, ya saurari kowa ya san inda zai taɓa, yana da basirar karantar mutane, kuma akwai takwararta ta sanin kai, wato mutum ya san halinsa da iyakarsa. Ta 8, wato basirar sanin halittu da yanayi, ita ce ta makiyayin da ya san kowace saniya a garke da kamanninta, ya san ciyawar da take kumbura ciki, ya dubi gabas ya ce ruwan nan ba zai sauka ba.

Akwai binciken da nake yawan tunawa idan na ga 'yan talla. A garin Recife na ƙasar Barazil, wasu masu bincike sun bi yara masu sayar da kwakwa da kayan marmari a titi, suna saye suna tambayar kuɗi da canji. Yaran suka ba da amsa daidai kusan a kowane ciniki. Da aka ɗauki lissafin nan dai aka rubuta shi a takarda irin na makaranta, sai suka faɗi fiye da rabi. An buga sakamakon a 1985. Yarinyar da take ɗauke da farantin gyaɗa, ta sayar wa mutum biyar a tsaye, ta riƙe bashin uku a ka, ta koma gida lissafi bai ɓace ba, ita ce gobe za ta ci sifili a jarrabawar lissafi. Lissafin yana nan, gadar da za ta haɗa shi da alamomin allo ce ba a gina mata ba. Wani masani ɗan Amurka, Robert Sternberg, wanda ya raba basira gida uku, ta nazari da ta ƙirƙira da ta iya rayuwa, irin wannan giɓi yake nufi.

Sai dai a nan dole in taka burki, domin ra'ayin Gardner ya samu karɓuwa a wurin malamai fiye da yadda ya samu a wurin masu auna basira. Masu suka suna cewa babu ingantaccen gwaji da ya raba waɗannan basirori takwas, kuma idan aka gwada su sai a ga da yawa suna tafiya tare, kamar yadda Spearman ya faɗa. Wasu suna cewa baiwa ce kawai aka sauya wa suna. Akwai kuma wata gurguwar fahimta da ta bazu a tarukan horar da malamai, cewa kowane yaro yana da salon koyonsa, wannan na ido ne, wancan na kunne ne, a koyar da kowa ta nasa salon. Bincike bai tabbatar da cewa hakan yana ƙara fahimta ba, kuma Gardner da kansa ya fito ya ce ba abin da yake nufi ke nan ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne a mayar da ra'ayin hanyar sallamar yaro cikin ladabi. A ce ai shi basirarsa ta hannu ce, a tura shi gareji, alhali ba a taɓa bincika dalilin da ya sa bai iya karatu ba. Koyon sana'a abin alfahari ne, amma makanike ma yana buƙatar karanta sunan kayan gyara da rubuta rasit. A ganina amfanin ra'ayin Gardner ɗaya ne, kuma babba ne: yana tilasta wa malami ya sake kallon yaron da ya riga ya yanke wa hukunci, ya nemo inda yake da ƙarfi domin ya shiga ta nan.

A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14, mai kaifin basira, gwani a wasanni, ba ya kasawa a lissafi, amma ya kasa karatu har sunansa yakan rubuta a birkice. Malaminsa ya ce da da baki ake yin komai, da shi ne zai zo na ɗaya. Wannan ita ce larurar da ake kira disleksiya, wahalar haɗa harafi da sautinsa. Ba ciwon ido ba ce, ba lalaci ba ne, ba kuma ƙarancin basira ba ne. Irin wannan yaro a wurinmu zai iya haddace izu biyar da ka a makarantar allo, ya riƙe labari tun daga farko har ƙarshe, amma a ba shi layi biyu ya karanta sai gumi. Abin da yake buƙata shi ne a koma da shi tushe, sauti bayan sauti, a hankali kuma a kai a kai, a ƙara masa lokaci a jarrabawa. Buƙatarsa ta sha bamban da ta yaro mai jinkirin fahimta na gaba ɗaya, wanda shi kuma sai an gutsuttsura masa darasi, an yi ta maimaitawa da abubuwan da zai taɓa da hannu, an haɗa masa da koyon kula da kansa. Dukansu biyu suna zaune a benci ɗaya, da suna ɗaya, ana dukansu da bulala ɗaya.

Game da makafi, al'adarmu ta daɗe da sanin cewa rashin ido ba rashin basira ba ne. Duk wanda ya yi karatun addini ya san Abdullahi ɗan Ummu Maktum da dalilin saukar Suratu Abasa. A Zariya an yi Aliyu Namangi, makaho tun yana ƙarami, wanda waƙoƙinsa na Imfiraji har yau ake nazarin su a jami'o'i. Louis Braille ma, wani makaho ɗan Faransa, yana ɗan shekara 15 ya tsara rubutun makafi a 1824, da ɗigo shida kacal da suke ba da alamomi 63. Wanda bai taɓa ganin yaro yana rubutu da allon Braille da tsinkensa ba ya rasa abin kallo: yana huda takarda daga dama zuwa hagu, kowane harafi a juye, domin idan ya kifa takardar ya karanta da yatsa daga hagu zuwa dama.

Kurame ne aka fi zalunta a wannan fage, domin mun saba auna hankali da magana. Mafi yawan yara kurame iyayensu masu ji ne. Idan yaro ya kai shekara 7 ko 8 ba a ba shi wani harshe ba, na baki ko na hannu, to shekarun da ƙwaƙwalwa ta fi saurin ɗaukar harshe sun wuce a banza, kuma jinkirin da za a gani a tattare da shi daga baya ba daga kurumtar ya zo ba, daga wannan rashi ya zo. Alhali kuwa kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu, maganar hannu, mai ƙa'idojinsa, wanda Constanze Schmaling ta yi nazarinsa a Kano ta wallafa a 2000. A makarantu kuma an fi amfani da alamomin da suka samo asali daga Amurka, waɗanda Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, ya shigo da su lokacin da ya buɗe makaranta a Gana a 1957 da Ibadan a 1960. Sau da yawa yaro yakan dawo hutu da harshen da babu mai jin sa a gidansu.

Wani abin baƙin ciki shi ne da yawa daga waɗannan larurori ana iya kauce musu. Sanƙarau yana barin kurumta, kuma annobar 1996 kaɗai ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000, mafi yawa a Arewa. Ƙyanda tana makantarwa. Shawarar jarirai idan ta yi tsanani ba a kai asibiti ba tana taɓa ƙwaƙwalwa, haka doguwar naƙuda, haka zazzaɓin cizon sauro mai sa sanƙarewa, haka tamowa. Gubar dalma da ta ɓulla a ƙauyukan masu haƙar zinare a Zamfara a 2010 ta kashe aƙalla yara 400, kuma cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda ta bar wa tabo a fahimta. Iyaye da dama sukan fara da neman maganin iska, a yi shekaru ana yawo, kafin a je inda za a duba kunne ko ido.

Sai babbar muhawara: a ware musu makaranta, ko a haɗa su da sauran yara? Tarihinmu da warewa ya fara. Makarantar makafi ta Gindiri a Filato ta buɗe a 1953 a hannun 'yan mishan, daga baya gwamnatoci suka buɗe irin ta Tudun Maliki a Kano, aka kafa kwalejin horar da malaman wannan fanni a Oyo a 1977, shekarar da manufar ilimi ta ƙasa ta ware wa fannin sashe. Ta ɓangaren masu hazaƙa kuma akwai makarantar gwamnatin tarayya da ke Suleja. Amma a 1994 wakilan gwamnatoci 92 suka haɗu a Salamanca ta ƙasar Sifen suka amince cewa makarantar unguwa ce ya kamata ta karɓi kowane yaro, ita ce za ta gyara kanta ta dace da shi. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya da aka sa wa hannu a Nijeriya a Janairun 2019 ta bi wannan layi, ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta kuma ba da shekara 5 a gyara gine-ginen gwamnati. Wa'adin ya cika a 2024, kowa kuma yana iya duba firamaren unguwarsu ya gani.

Hujjar haɗawa tana da ƙarfi. Makarantun musamman 'yan kaɗan ne, suna birane, kuma ba kowace uwa ce za ta iya rabuwa da ɗan shekara 6 makaho ta kai shi kwana a wani gari ba. Yaran da suka tashi tare da mai larura ba sa girma suna tsoronsa ko yi masa dariya. Amma a ɗauki kurma a jefa shi cikin yara 80 da malamin da bai san alama ko ɗaya ba, a ce an haɗa, wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Yana cikin aji amma shi kaɗai ne. Ni ina ganin kurame musamman suna buƙatar 'yan uwansu kurame domin harshe ya zauna, don haka makarantunsu ko ajujuwansu na musamman a cikin makarantar kowa ba abin rushewa ba ne. Saura da yawa kuwa, mai raunin gani, mai keken guragu, mai disleksiya, mai sikila, wurinsu yana makarantar unguwa, muddin akwai ko da malami ɗaya mai horo da zai riƙa zagaya makarantu uku ko huɗu yana duba yara yana nuna wa malamai abin yi.

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da ba ya cin ko kwabo. Malami ya rubuta haruffa a allo ya sa kowane yaro ya karanta daga baya, ido ɗaya a rufe. Ya tsaya bayan yaro ya kira sunansa a hankali ya ga ko zai waiwayo. Ya tambayi uwa ko yaron ya taɓa yin zazzaɓi mai tsanani, da shekara nawa ya fara magana, me ya fi iyawa a gida. Ya riƙa fuskantar aji idan yana magana maimakon ya juya wa yara baya.

Yaron ajina, na je har gida na samu mahaifinsa. Da farko bai yarda ba, ya ce, "Malam, yaron da yake kai mini awaki jeji ya dawo da su cif, shi ne ba ya gani?" Na roƙe shi ya gwada. Bayan girbi ya sayar da buhun gero ya kai shi asibitin ido a birni, aka yanka masa tabarau mai kauri. 'Yan aji suka sa masa ido huɗu, don haka yakan cusa shi a aljihu da zarar an tashi tara, ya fito da shi idan an dawo. Lissafinsa ya miƙe cikin zango ɗaya. Karatu kuwa ya ba shi wuya, saboda harsashin da ake zubawa a aji ɗaya da biyu ya wuce shi yana kallon fari-fari, sai da muka koma kan baƙaƙe da wasula bayan an tashi, ni da shi da wasu yara huɗu. Yana aji shida ya fara karanta shafi guda ba tare da ya tsaya ba.